Kwalejin Horon Malamai ta Gumel da Al'ummarta: Waiwaye a Kan Tarihi, 1976-2025

1.0 Gabatarwa

Galibin rubuce-rubucen da aka yi a kan tarihin ilmin boko a Arewacin Nijeriya sun fi karkata ne ga manyan makarantu, watau makarantar Ɗan Hausa da aka kafa a Nassarawa ta Kano a 1909, da Kwalejin Katsina wadda aka yi bikin buɗe ta a 1922, da kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wadda ta fara aiki a 1962. Dalilin haka a fili yake, domin daga waɗannan wurare ne shugabannin Arewa na farko suka fito. Sai dai kuma yaron da aka haifa a Ɗanzomo ko Gagarawa bai san boko ta hannun waɗannan makarantu ba. Ya san shi ne ta hannun malamin da ya tsaya gabansa da alli, shi kuwa wannan malami akwai inda aka hore shi. Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare, watau Kwalejin Horon Malamai ta Gumel, ta fuskar zamanta da jama'ar da ke kewaye da ita.

A ƙasar Amurka akwai wani nau'in makaranta da ake kira kwalejin al'umma. Ana ɗaukar wadda aka kafa a garin Joliet a 1901 a matsayin ta farko cikin na gwamnati, sunan kuma ya bazu ne bayan rahoton wani kwamiti da Shugaba Truman ya naɗa, wanda ya fito a 1947. Siffarta ita ce araha, da kusanci, da karɓar ɗalibin da ba zai iya barin gida ya tafi jami'a ba. Nijeriya ba ta da makaranta mai wannan suna, amma kwalejin horon malamai ta jiha ta daɗe tana yin wannan aiki. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, darajar irin wannan kwaleji tana rataye ne da abin da ya isa ajin ƙauye daga gare ta, kuma harshe shi ne igiyar da ta ɗaure su.

2.0 Ƙasar Gumel Kafin Zuwan Kwaleji

Masarautar Gumel ta Mangawa ce, waɗanda asalinsu ke komawa ga Barno. Ana danganta kafuwarta da Ɗanjuma a tsakiyar ƙarni na 18, ta kuma daɗe a ƙarƙashin inuwar Barno. Jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804 bai ci ta ba, saboda haka ba ta shiga Daular Sakkwato ba, saɓanin maƙwabtanta Kano da Haɗeja da Kazaure. Ta sha gwagwarmaya da Haɗeja da Damagaram a ƙarni na 19, sannan a 1903 Sarki Ahmadu ya miƙa wuya ga Turawan Ingila. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta ratsa ta tsakiyar dangi, har ma tsohon mazaunin sarautar, watau Tumbi, ya faɗa cikin ƙasar da ta zama Jamhuriyar Nijar.

Abubuwa uku ne suka fi tasiri ga zaman jama'ar wannan yanki. Na farko shi ne noman damina ɗaya a ƙasa mai jigawa, inda ake dogara ga gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi, daga baya kuma zoɓo ya zama abin sayarwa. Na biyu shi ne fatauci. Layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya bi ta Gagarawa, kasuwar Maigatari da ke ci ran Alhamis kuwa ta zama matattarar dabbobi daga ƙasashen biyu. Na uku shi ne karatun allo, wanda tsohuwar hulɗa da Barno ta ƙara wa ƙarfi. Ke nan ba a kan jahilci boko ya sauka ba. Ya tarar da tsangayu da alarammomi da mutanen da suka san darajar malami tun kafin zuwan Bature.

Bokon da ya shigo a zamanin En'e ɗan kaɗan ne, kuma matakansa na sama duk suna nesa. Yaron da ya gama elementare, idan an zaɓe shi, sai ya bar ƙasarsu, ita kuwa Kano tana da nisan kimanin kilomita 120 daga Gumel. Wannan nisa ya sa iyaye da yawa suna kallon boko a matsayin abin da ke ɗauke ɗa daga gona da gida, ba lalle kuma ya dawo da shi ba.

3.0 Dalilan Kafa Kwalejin

Tushen manyan kwalejojin horon malamai a Nijeriya yana komawa ne ga rahoton kwamitin Ashby na 1960, wanda ya nuna cewa ƙasar na buƙatar malamai masu matsakaicin matsayi, sama da mai takardar malanta mai daraja ta biyu, ƙasa da mai digiri. Daga nan ne aka samo takardar NCE ta shekara uku. An buɗe irin wannan kwaleji a Zariya a 1962, aka buɗe ta Kano a 1964, Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello kuwa ita ce ke da babban hannu wajen sa ido a kan manhaja da jarrabawa a kwalejojin Arewa.

Abin da ya gaggauta lamarin shi ne shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. Janar Yakubu Gowon ne ya yi shelarsa a 1974, lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita, Janar Olusegun Obasanjo kuma ya ƙaddamar da shi a watan Satumba na 1976. An yi kirdadon yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai ga wajen miliyan 3 sun bayyana. Aka rasa azuzuwa, aka rasa kujeru, babbar matsalar kuma ita ce rashin malamai. An ɗebi waɗanda suka gama firamare da waɗanda ba su ci jarrabawar sakandare ba, aka yi musu horon gaggawa aka tura su aji. Amma su kansu makarantun horon malamai masu daraja ta biyu, da sakandarorin da ake ta buɗewa, suna buƙatar masu koyarwa.

A cikin wannan hali ne gwamnatin Jihar Kano, a zamanin Gwamna Sani Bello, ta kafa babbar kwalejin horon malamai a Gumel a 1976. Ajiye ta a can, maimakon cikin Birnin Kano, yana da ma'ana babba. A wancan lokaci galibin manyan makarantun jihar suna cikin birni ko gefensa. Wannan ne ya sa a karo na farko ɗan masarautun arewa maso gabashin jihar ya sami makarantar gaba da sakandare wadda zai iya zuwa ya dawo ba tare da ya kwana a hanya ba.

4.0 Kwaleji a Cikin Gari

Duk garin da aka kai wa babbar makaranta, sai ya sami baƙi iri biyu: malamai da ɗalibai. A shekarun 1970 da farkon 1980 makarantun Arewa sun dogara ƙwarai ga malamai daga kudancin ƙasar nan da ƙasashen waje irin su Indiya da Pakistan da Gana, ga kuma masu bautar ƙasa, waɗanda aka fara turawa jihohi tun 1973. Ɗalibai kuma suna zuwa daga kowace kusurwa ta tsohuwar Jihar Kano. Ɗan Rano ko Gwarzo da bai taɓa ganin bakin iyaka ba sai ga shi a kasuwar Maigatari yana jin Hausar Damagaram, yana ganin ana ciniki da sefa.

Ta fuskar tattalin arziki, tasirin a bayyane yake. Ɗakunan kwanan ɗalibai ba sa isa, saboda haka sai a kama haya a cikin gari. Masu tuwo da masu shayi da teloli da masu wanki da masu buga takardu, daga baya kuma 'yan acaɓa, duk sukan sami abin yi. A garin da yawancin mutane ke ganin kuɗi sau ɗaya a shekara, watau da kaka, albashin wata-wata na ma'aikatan kwaleji da guzurin ɗalibai wani sabon jini ne. Ana gane haka ne idan an yi dogon hutu ko yajin aiki, ko kuwa kamar yadda ya faru a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasar nan tun daga watan Maris har tsawon watanni.

Har wa yau, kwaleji takan zo da nata lissafin lokaci, wanda ya sha bamban da na manomi. Shekarar gari tana tafiya ne da shuka da girbi, da azumi da salla biyu da hawan Sarki. Ita kuwa shekarar kwaleji tana da rantsar da sababbin ɗalibai, da zaɓen shugabannin ƙungiyarsu, da wasannin motsa jiki, da jarrabawa, da bikin yaye waɗanda suka gama. A kwalejojin Arewa ƙungiyoyi uku ne suka fi raya zaman ɗalibai: Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a Ikko a 1954, da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya ko ƙaramar hukuma ɗaya, da kuma Ƙungiyar Hausa. Ita ta ƙarshen ce ke shirya Makon Hausa, inda ake gabatar da lacca da wasan kwaikwayo da gasar waƙa da kacici-kacici da nunin kayan gargajiya, a gayyato masu sarauta da makaɗa da dattawan gari.

Ya kamata a lura da muhimmancin wannan mako. A sauran ranakun shekara mutumin gari yana shiga kwaleji ne a matsayin mai talla ko lebura ko mai gadi. A Makon Hausa kuwa yakan shiga a matsayin masani. Maƙeri ko wanzami ko makaɗi shi ke bayani, mai digiri yana saurare yana rubutawa. Wannan juyin matsayi, ko da na 'yan kwanaki ne, yana rage tazarar da ke tsakanin boko da gari fiye da yadda jawabin kowane jami'i zai yi.

Akwai kuma batun mata. Uban da ba zai yarda 'yarsa ta tafi Zariya ko Kano ba, ko mijin da ba zai bar matarsa ta kwana a wani gari ba, yakan sassauta idan makarantar tana kusa, kuma aikin da za a samu bayanta koyarwa ne. Ita kuwa malama mace a makarantar ƙauye tana cikin manyan abubuwan da ke sa iyaye su saki jiki su bar 'ya'yansu mata a aji.

5.0 Hanyoyin Yaɗuwar Labari

Kafin zuwan wayar hannu a 2001, labarin cikin kwaleji yana kan allon sanarwa ne. A nan ake liƙa sunayen waɗanda aka ɗauka, da jadawalin darussa, da sakamakon jarrabawa, da sanarwar rasuwa ko ɗaurin aure. Ƙungiyoyi kuma sukan fitar da 'yan mujallu da aka buga da keken rubutu aka gurza. Labarin waje kuwa yana zuwa ne ta rediyo da jarida: Rediyon Kaduna da Rediyon Kano, da sashen Hausa na BBC wanda ya fara a 1957, da Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a 1939, sannan kamfanin Triumph da gwamnatin Kano ta kafa a 1980 ya zo da Albishir cikin boko da Alfijir cikin ajami.

A ƙauye jarida ɗaya takan wadaci mutane da yawa, domin wani ne ke karantawa a dandali saura su saurara, wannan mai karatu kuwa sau da yawa malamin makaranta ne. Shi ne ke rubuta wa mutane wasiƙa, shi ke karanta takardar asibiti da ta kotu, shi ake nema idan lokacin ƙidaya ko rajistar zaɓe ya zo. Ta haka kwalejin da ta hore shi ta zama tana da baki a garuruwan da shugabanninta ba su taɓa takawa ba.

6.0 Gwajin Koyarwa da Kundin Bincike

Abubuwa biyu ne a cikin tsarin NCE suke tilasta wa kwaleji fita daga harabarta. Na farko shi ne gwajin koyarwa. Kowane ɗalibi sai an tura shi wata makaranta ya yi makonni yana koyarwa, malamansa suna bin sa suna duba shirin darasinsa da yadda yake riƙe aji. Ɗalibin da aka tura gari irin Ɗanzomo, a ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, a nan ne zai gane bambancin abin da aka karanta da abin da ke ƙasa. Zai ga aji ya rage idan damina ta kankama, domin yara suna gona, zai ga ya rage ranar kasuwa, zai kuma tarar da ɗan Fulani wanda Hausar ma ita ce harshensa na biyu. Ita ma makarantar takan amfana, domin a inda malamai suka yi ƙaranci, zuwan 'yan gwaji sauƙi ne babba.

Na biyu shi ne kundin bincike da ake rubutawa a shekarar ƙarshe. A sassan Hausa da Tarihi da Nazarin Addinin Musulunci, ɗalibai sukan zaɓi abin da ke kusa da su: tarihin garinsu, ko rayuwar wani makaɗi da waƙoƙinsa, ko al'adun aure da haihuwa, ko wata sana'a, ko karin harshen yankinsu. Ba dukkan kundayen ne ke da inganci ba, akwai masu rauni da masu kwafe. Duk da haka, a cikinsu akwai hirarraki da dattawan da yanzu ba su da rai, a kan garuruwan da babu wani littafi da ya ambace su. Ga yankin da Manganci ya ja baya Hausa ta maye gurbinsa, irin wannan taska ba ta da madadi.

7.0 Sauye-sauye Daga 1986

Yalwar da aka kafa kwalejin a cikinta ba ta daɗe ba. Faɗuwar farashin mai da shirin gyaran tattalin arziki na 1986 sun karya darajar naira, malaman ƙasashen waje suka tattara nasu ya nasu, albashin malami ya zama abin tausayi. A 1989 aka kafa hukumar kula da kwalejojin ilmi ta ƙasa, wadda ta karɓi aikin tsara manhajar NCE daga hannun jami'o'i. Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa, kwalejin Gumel ta koma hannun sabuwar jiha, ta zama Kwalejin Ilmi ta Jihar Jigawa. Wannan ya ƙara mata nauyi, domin a kanta ne jihar da mafi yawan jama'arta ke karkara ta dogara wajen samun malamai.

Da aka mayar da NCE mafi ƙanƙantar takardar shiga aikin koyarwa, aka kuma yi watsi da takarda mai daraja ta biyu, sai tsofaffin malaman firamare suka koma ɗalibai, suna karatu a lokacin hutu ko a ƙarshen mako. Shirin ilmin bai-ɗaya na UBE, wanda aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, ya ƙara yawan buƙata. Daga baya kwalejin ta ƙulla alaƙa da Jami'ar Bayero ta Kano domin ba da digiri. A ɗaya ɓangaren kuma ta sami kishiyoyi: an kafa Jami'ar Tarayya a Dutse a 2011, da jami'ar jiha a Kafin Hausa a 2013. Ɗalibin da ya ci jarrabawa da kyau yakan fara neman jami'a, sai ta gagara ya waiwayi kwaleji. Illar wannan kuwa a kan ajin ƙauye take ƙarewa.

8.0 Matsalar Harshen Koyarwa

Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a wurin da yake, kafin a juya zuwa Ingilishi. Akwai hujja a bayan wannan tanadi. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida, ya nuna cewa ba su gaza takwarorinsu ba, har a Ingilishin kansa. Hausa kuma ta fi yawancin harsunan ƙasar nan shiri, domin tana da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, wadda taron Yamai na 1980 ya yi ƙoƙarin daidaita ta tsakanin Nijeriya da Nijar. Sai dai ba a taɓa wadata makarantu da littattafan lissafi da kimiyya cikin Hausa ba, kuma horon da ake ba malamai ya fi mayar da hankali ga koyar da Hausa a matsayin darasi, ba koyar da sauran darussa da ita ba.

A watan Nuwamba na 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar da ta faɗaɗa koyarwa da harshen uwa zuwa dukkan shekaru shida na firamare. A watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke ta da komawa ga Ingilishi, yana mai kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a manyan jarrabawa. Abin tambaya a nan shi ne, yaya za a yanke wa manufa hukunci alhali ba a tanadar mata littattafai da malamai ba? Ko ma dai mene ne aka rubuta a Abuja, yaro ɗan shekara shida a Ɗanzomo zai shigo aji ne da harshen da ya tashi da shi, malaminsa kuma dole ya yi masa bayani da abin da yake ji. Abin da ya rage shi ne ko an koya wa malamin yadda zai yi haka bisa tsari, ya ɗora Ingilishi a kan karatun da ya riga ya zauna, ko kuwa an bar shi yana kame-kame tsakanin harsuna biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wurin tanƙwara malami kuwa shi ne kwaleji.

9.0 Kammalawa

An ga yadda buƙatar gaggawa ta 1976 ta haifar da kwalejin Gumel, da yadda ta shiga cikin kasuwa da al'ada da hanyoyin labari na yankinta, da kuma yadda gwajin koyarwa da kundin bincike suka sada ta da ƙauyuka. Daga wannan akwai ayyuka biyu da ke jiran masana. Na farko shi ne tattara kundayen ɗalibai da mujallun ƙungiyoyi da takardun bukukuwa, a yi musu fihirisa, a ɗauki hotonsu a na'ura kafin gara da ruwan sama su gama da su, a kuma yi hira da malamai da ɗaliban farko tun suna raye. Na biyu shi ne sassan Hausa na kwalejoji da jami'o'i su haɗa kai da sassan lissafi da kimiyya wajen rubuta littattafan firamare da horar da masu koyar da su. Idan aka sake buɗe muhawara a kan harshen koyarwa, waɗanda ke da littafi a hannu da malami a aji su ne za a saurara.